Zubin tagulla: saurin hucewa ne ke ba da ƙwari, ko jinkiri?

MaiZubi_Karami:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu zubin tagulla da malamanmu na kimiyyar ƙarafa. Haɗi ɗaya ne, jan ƙarfe kashi 90, kuza kashi 10, narki ɗaya, tukunya ɗaya. Aka zuba rabi a mazubin yashi, rabi a mazubin baƙin ƙarfe. Wanda ya fito daga mazubin ƙarfe ya fi tauri, magagari ma da kyar yake cin sa, in an karya shi bakin karayar lukui ne. Na yashi kuwa bakinsa garas-garas, ga 'yan ramuka nan da can. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, iya saurin hucewar tagulla iya kyanta. In haka ne, me zai hana a fasa mazubi da wuri a tsoma kayan a ruwa, a huta da jira?

Injiniya_Narki:
Wa'alaikumus salam. Kafin komai, ƙanena, kada ka kusantar da ruwa ga tagullar da cikinta bai gama daskarewa ba. Ruwa in ya koma tururi yakan kumbura fiye da sau 1,600, narkakken ƙarfe kuwa a fuskarka zai fantsama.

Sai tambayarka. Tsantsar jan ƙarfe yana daskarewa a wuri ɗaya, digiri 1085 a ma'aunin Salshiyas. Kuza kuma a 232. Amma in an haɗa su babu wannan wuri ɗayan. Haɗin kashi 10 yana fara daskarewa wajen digiri 1000, ba ya gamawa sai ya sauko wajen 830, a aikace ma yakan kai 798. Cikin wannan doguwar tazara ƙarfen ba ruwa ba ne, ba daskararre ba ne. Daskarewar tana farawa ne da wasu siraran sanduna da ke fitar da rassa, rassan su ma su fitar da nasu, ana kiran su dendirait. Abin lura shi ne reshen da ya fara fitowa ba ya ɗaukar kuza sosai, bai ma kai rabin wadda ke cikin ruwan ba. Sauran kuzar yana tura ta gaba, ta taru a ruwan da ya rage tsakanin rassa. Shi ya sa a ƙarshe tsakiyar reshe ba ta da kuza da yawa, gefensa kuma ya cika da ita.

Mazubin ƙarfe yana janye zafi da sauri, rassa da yawa suke tsirowa lokaci ɗaya, ba su samun damar yin kauri. A yashi kuwa ƙananan rassa suna narkewa manya su cinye su. Ka'idar da aka sani ita ce, in ka rage lokacin daskarewa sau 8, tazarar da ke tsakanin rassa za ta ragu da rabi. Wannan lukui da ka gani a bakin karaya, shi ne.

TsohonMakeri:
Madalla da bayanin Injiniya. Amma ɗana MaiZubi, kada ka ɗauki abu ɗaya ka shafa wa duk tagulla. Zuba ƙararrawa a mazubin ƙarfe mai sanyi ka gani. Mu abin da muka tarar, ƙararrawa a rami ake binne mazubinta, a bar ta ta huce don kanta, babba takan kwana da kwanaki ba a taɓa ta ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ummu_Haidar:
Ina bibiya. Allah ya ƙara ilimi.

Malama_Karafa:
Baba TsohonMakeri da Injiniya duk kan gaskiya suke, sai dai kowa tagullar da yake magana a kai daban ce. Ƙararrawa kuzarta wajen kashi 20 zuwa 23 ce, ta MaiZubi kashi 10.

Bari in ƙara abin da Injiniya bai kai ba, wato abin da ke faruwa da wannan ruwa mai kuza da ya maƙale tsakanin rassa. Jan ƙarfe yana iya shanye kuza a jikinsa har kusan kashi 15.8, wannan shi ake kira alfa, mai laushi ne, yana lanƙwasuwa, yana karɓar guduma. A takarda ke nan haɗin kashi 10 ya kamata ya zama alfa zalla. Amma kuza tana tafiya a hankali ƙwarai cikin daskararren jan ƙarfe, ba ta samun lokacin komawa tsakiyar rassa. Ruwan ƙarshe sai kuzarsa ta yi ta hawa har ta kai wajen kashi 25, a digiri 798 ya haifar da wani siffa da ake kira bita. Bita ba ta zama. A 586 ta rabu zuwa alfa da gama, a 520 gama ta sake rabuwa zuwa alfa da delta. Delta ce ake tararwa in kayan sun huce. Kuzarta kusan kashi 32 ce, tauri gare ta sosai, kuma ba ta lanƙwasuwa, karyewa take. A madubin ƙara girma za ka gan ta tsibiri-tsibiri, fara mai ɗan shuɗi-shuɗi, a kwance tsakanin rassa.

Saboda haka hucewa biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai ta lokacin daskarewa, daga 1000 zuwa 798, ita ke yanke girman rassa da inda kuza za ta taru. Akwai kuma ta bayan an daskare, wajen 586 da 520, ita ke yanke ko delta za ta fito. Mazubin ƙarfe ta farko yake taɓawa. Tsomawa a ruwa ta biyu take taɓawa.

Dalibi_Ajin3:
Malama, ke nan in an yi saurin hucewa delta za ta ragu, tunda ba ta sami lokacin fitowa ba? Haka na fahimta a aji.

Malama_Karafa:
A'a ɗalibi, ka haɗa hucewar biyu wuri ɗaya. Saurin da mazubin ƙarfe yake bayarwa bai kai ya hana rabuwar 586 da 520 ba. Abin da yake hanawa shi ne komawar kuza cikin rassa lokacin daskarewa. Don haka sau da yawa delta ba ta raguwa, tana iya ma ƙaruwa, sai dai ta fito ƙanana-ƙanana a warwatse maimakon manyan dunƙule. Nemi lissafin Gulliver da Scheil ka karanta, shi ne ke nuna abin da zai faru in kuza ba ta motsa ko kaɗan cikin daskararre ba.

Injiniya_Narki:
Malama, ina da ɗan ƙari a nan. Maganarki daidai ce tsakanin yashi da mazubin ƙarfe. Amma in saurin ya wuce misali, labari ya juya. A injunan da ke narka garin ƙarfe da hasken leza suna gina kaya hawa-hawa, zafi yana faɗuwa da dubban ɗaruruwan digiri a sakan ɗaya. A nan daskarewa takan riski kuza kafin ta gudu, alfa ta riƙe fiye da abin da ta saba riƙewa. Ke nan ɗalibinmu bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai a wani mataki ne da mai zubi da tukunya ba zai kai ba.

Malama_Karafa:
Na yarda, Injiniya. Ban so in rikita shi ba ne tun bai riƙe na farko ba.

Bakanike_Gwani:
Ku gafarce ni malamai, kuna ta ambaton delta kamar cuta. Mu masu sa bushin da giya ita muke nema. Bushin da ba shi da waɗannan ƙwayoyi masu tauri ba ya daɗewa, sanda tana cinye shi. Masu taurin su ke ɗaukar nauyi, mai laushin ya ɗan lotsa ya riƙe mai. Kuma na lura bushin da aka yanko daga sandar masana'anta ya fi wanda aka zuba a yashi jimiri nesa ba kusa ba, ko da an ce haɗinsu ɗaya. To wannan ai goyon bayan MaiZubi ne.

Injiniya_Narki:
Haka ne Malam Gwani. Waɗannan sandunan ana jawo su ne a hankali ta cikin bututun girafait (irin baƙin abin nan na cikin fensir) da ruwa ke zagaya bayansa yana sanyaya shi, wasu kuma a mazubin ƙarfe mai juyawa ake zuba su. Duka biyun hucewa ce mai sauri, kuma daga gefe ɗaya take tafiya. Wannan tafiya daga gefe ɗaya tana da muhimmanci kamar saurin.

MaiZubi_Karami:
Na gode ƙwarai. To su 'yan ramukan da ke cikin na yashi fa? Ni na ɗauka yashin ne ke da danshi.

MaiGwajinZubi:
Yana iya zama danshi, amma ko yashin ya bushe ƙayau tagullar kuza tana da wannan hali. Duba yadda ramukan suke. In zagayayyu ne masu santsi a ciki, iska ce. In kuwa masu kusurwa ne, suna bin tsakanin rassa, to ƙanƙancewa ce. Ƙarfe yana raguwa in yana daskarewa, dole ruwa ya biyo ya cike gurbi. A haɗin da ke daskarewa wuri ɗaya ruwan yana da buɗaɗɗiyar hanya. A tagullar kuza kuwa duk kaurin kayan yakan cika da rassa lokaci ɗaya, ya zama kamar soso da ya sha ruwa, sai narkakken ya rasa ta inda zai bi. Ƙara girman rumbun da ke saman mazubi ba ya magance wannan shi kaɗai. Abin da ke aiki shi ne a binne guntun ƙarfe ko girafait a jikin yashi daidai inda kayan suka fi kauri, daskarewa ta fara daga can ta nufo rumbu.

Kuma wannan soson shi ne ke jawo abin da masu zubi ke kira gumin kuza, wato fararen ƙuraje masu tauri da ke fitowa a fatar kayan. Ruwan ƙarshe mai yawan kuza ne aka matso waje. Iskar haidirojin da narkakken ƙarfe ya sha daga danshi ko ɗanyen gawayi ita ke yawan turo shi, don ƙarfe in ya zo daskarewa ba ya iya riƙe ta. Jinkirin hucewa yana ba ta lokacin yin wannan ɓarna.

TsohonMakeri:
Wannan gumi na san shi sarai, yana cinye bakin magagari. Mu dai muna gasa tukunya da awartaki da duk abin da zai taɓa narki sai sun yi zafi, kuma ba ma barin narki ya daɗe kan wuta bayan ya yi. Ashe dalilin ke nan.

Masoyin_Tarihi:
Ku ba ni dama in kawo tarihi, don wannan gardama ta daɗe. A shekarun 1870 wani hafsan sojan Ostiriya, Franz von Uchatius, ya riƙa zuba bututun igwa da tagulla mai kuza kashi 8 a mazubin ƙarfe, sannan a tura sandunan ƙarfe masu ƙaruwar kauri ta cikin bututun don cikinsa ya yi tauri. Sojojin ƙasar sun daɗe suna amfani da irin waɗannan igogi. Wannan ɓangaren MaiZubi ne.

Ga kuma ɓangaren Baba. William Parsons, wanda aka fi sani da Lord Rosse, ya gina babban madubin hangen taurari a Birr ta ƙasar Ayalan, aka kammala a 1845. Faifan madubin faɗinsa inci 72, an yi shi da haɗin jan ƙarfe kusan kashi biyu, kuza kashi ɗaya. Wannan haɗi kusan delta ce zalla, fari ne, yana ɗaukar ƙyalli, amma saurin fashewarsa ya yi yawa. Sai da aka riƙa shigar da shi tanderu yana hucewa makonni da dama. Abin sha'awa kuma, gindin mazubin nasa na baƙin ƙarfe ne don fuskar madubin ta fara daskarewa da sauri. Mutum ɗaya, kaya ɗaya, ya yi amfani da sauri a farko da jinkiri a ƙarshe.

Malama_Karafa:
Wannan misali na Rosse shi ne abin da nake nufi da hucewa biyu. Na gode Malam.

Sabon_Shiga21:
Ni na ji an ce babbar ƙararrawar nan ta Mosko ruwa aka zuba mata ta fashe. Gaskiya ne?

Masoyin_Tarihi:
An zuba ta a 1735, nauyinta wajen tan 200. A 1737 gobara ta tashi tana cikin raminta, masu kashe wuta suka watsa mata ruwa tana da zafi, ta tsage, wani ɓangare mai nauyin tan 11 da ɗoriya ya ɓalle. Har yau tana nan a Kremlin, ba a taɓa kaɗa ta ba.

Injiniya_Narki:
Amma a lura, wannan ba maganar rassa ba ce, ta riga ta daskare shekara biyu kafin nan. Fata ce ta huce ta ƙanƙance alhali ciki yana da zafi, ƙarfe mai yawan delta kuma ba ya miƙewa ya saki wannan ja, sai ya tsage.

MaiGanga_B20:
Yanzu kun rikita ni. Faifan tagulla da muke bugawa tare da ganguna, masu kyan kuzarsu kashi 20 ce, kusan irin ta ƙararrawa. Na ga yadda ake yin su, ana gasa su su yi ja a tsoma a ruwa, sannan a yi ta dukan su da guduma. In ruwa yana fasa irin wannan haɗi, su me ya sa ba sa fashewa?

Malama_Karafa:
Tambaya mai kyau, ɗan'uwa. Abu biyu ne. Na ɗaya faifan siriri ne, ciki da waje tare suke hucewa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ana tsoma shi ne daga zafin da ya haura 586, wajen 650 zuwa 750, lokacin da delta ta narke cikin jiki ta koma bita. Ruwa yana sauko da shi da saurin da bita ba ta samun damar rabuwa, sai ta zauna yadda take ko ta koma wani siffa mai kama da allurai. Ko wanne ne, ya fi delta jure duka nesa. Da za a bar wannan faifan ya huce a iska, guduma ɗaya za ta tarwatsa shi. Masu ƙera kwanukan bangjja a Koriya, haɗin 78 da 22, haka suke yi, suna ƙira da zafi su gama da ruwa. Haka masu ƙera manyan faya-fayan kiɗan gamelan a Indunusiya. Ilimin da ya bayyana dalilin kuwa ya zo ne daga baya, aikin Heycock da Neville a Kambirij, wanda suka gabatar a 1903. Su ma da tsomawa suka gano shi, suna ɗauko guntaye daga zafi daban-daban su sanyaya nan take, su duba a madubi.

TsohonMakeri:
Ikon Allah. A baƙin ƙarfe ban ruwa tauri yake ƙarawa har ya riƙa karyewa, a nan kuma shi ke hana karyewa. 'Yata Malama, amma ita ƙararrawa ban yarda a yi mata haka ba. Taurin nan da kuke gudu shi ke ba ta amo.

Malama_Karafa:
Ba wanda zai yi wa ƙararrawa haka, Baba, kaurinta ma ba zai bari ba. A wajenta delta abin so ce.

Dalibi_Ajin3:
To Malama, in mun dawo kan tambayar Yaya MaiZubi, haɗin kashi 10 in aka tsoma shi a ruwa me zai samu?

Injiniya_Narki:
Bari in amsa kafin Malama ta dawo. Ba zai sami taurin da yake nema ba. Rassa sun riga sun kafu tun a mazubi, ruwa ba zai ƙanƙanta su ba. Alfa kuma ba ta taurara da ban ruwa. Iyaka dai 'yar deltar da ke tsakanin rassa ta ƙi fitowa in an tsoma da zafi sosai. Haɗarin kuwa babba ne in an yi gaggawar fasa mazubi. Fata tana iya daskarewa alhali tsakanin rassa akwai sauran ruwa, ana motsa kayan sai su yage ta nan. In an sa fosforas wajen tsarkake narki kuma ya yi yawa, ruwan ƙarshe yakan jira har ƙasa da digiri 700. In akwai darma a haɗin, ita sai 327 take daskarewa.

MaiGwajinZubi:
Akwai abin da ba a ambata ba, kauri. Ko mazubi ɗaya ne, ba duk jikin kaya ke hucewa tare ba. Ka'idar Chvorinov ta ce a yashi in ka ninka kaurin faranti biyu, lokacin daskarewa ya ninka huɗu. Shi ya sa ba na yarda da ɗan sandan gwaji da aka zuba a gefe a ce ya wakilci kaya mai kauri. Sandan zai nuna ƙarfi, tsakiyar kayan kuma manyan rassa ne da ramuka.

Hajiya_MaiZane:
Ni siffofi nake zubawa da kakin zuma, kuma nawa mazubin da zafinsa nake zuba masa, in ba haka ba narki ba ya kaiwa siraran wurare, a hanya yake daskarewa. Ke nan ni jinkiri nake saye da gangan. Ƙarfin da nake rasawa bai dame ni ba, siffa ba ta ɗaukar nauyin inji. Abin da ke damuna shi ne in na goge na sa launi, wani lokaci zanen rassan yana bayyana a fuska, wuri ya yi duhu wuri ya yi haske. Akwai magani?

Malama_Karafa:
Akwai, Hajiya. Bambancin kuza ne tsakanin tsakiyar reshe da gefensa, maganin launi yana cin su daban. A mayar da kayan tanderu a riƙe su wajen digiri 700 na wasu sa'o'i, kuza za ta bazu, delta ta narke cikin alfa in haɗin bai wuce kashi 13 ko makamancin haka ba. A nan ma saurin daskarewa yana da rana. Lokacin da wannan gashi ke ci yana bin tazarar rassa ne, in tazarar ta ragu da rabi, lokacin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Naki da rassansa manya ne zai ɗauki lokaci. Kuma gashi ba ya toshe ramukan da suka riga suka samu.

Bakanike_Gwani:
Amma don Allah kada a yi wa bushin wannan gashi, an kashe shi ke nan.

MaiZubi_Karami:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa maganar ruwa. Amma har yanzu ina ganin ga irin kayan da nake yi, ƙananan bushin da maƙalai, mazubin ƙarfe ya fi. Matsalata ɗaya, wani lokaci fatar tana fitowa da layi-layi kamar an zuba sau biyu.

TsohonMakeri:
Mazubin ya yi sanyi da yawa, ɗana. Gasa shi kafin ka zuba, ka shafa masa baƙin hayaƙi a ciki, kuma ka zuba a tafi ɗaya kada hannunka ya tsaya. Ka ga ke nan ko a mazubin ƙarfen sai ka rage masa sauri.

Injiniya_Narki:
Baba ya faɗi daidai, amma kada a gasa shi har ya rasa amfaninsa, digiri 200 zuwa 300 ya isa ga ƙananan kaya. MaiZubi, in kana da sauran guntayen nan biyu, yanka su a tsakiya, ka goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mafi laushi, ka shafa ruwan ferik kulorayid, sinadarin da ke ɗan cin fuskar ƙarfe, na 'yan sakanni ka wanke. Na yashin ko da gilashin hannu za ka ga rassansa. Turo mana hoto.

MaiGwajinZubi:
In za ka yanka, ka yanka ta inda ya fi kauri, kuma ka faɗa mana milimita nawa ne kaurin kowanne. Ni ina zargin rabin bambancin da ka gani daga iskar da narkin ya sha ne, ba daga mazubi kaɗai ba. Wanne ka fara zubawa, na yashi ko na ƙarfe?